Sammacin da Bai Iso Ba

  Gaisuwa ta musamman ga mutanen Kura da Bunkure da Garun Malam, da duk wanda ke jin mu daga bakin kanal, rediyo na ajiye a kan kunya, shi kuma yana kora ruwa daga wannan kwami zuwa wancan. Sannunku da aiki.

Yau maganar bashi za mu yi. Amma ba wa'azin biya na zo da shi ba, wannan malamai sun ɗauke mana. Maganata a kan takarda guda ce, wato sammaci. Ga abin da nake so ku riƙe tun daga farko: kotu ba ta da hurumin yanke wa mutum hukunci sai sammaci ya same shi. Ko da bashin gaskiya ne. Ko da duk gari ya san ana bin sa. Sai an kira shi, an ji ta bakinsa.

Bari mu fara da yadda bashin ke ƙulluwa a wannan yanki namu.

Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya biyo kanal ya ratsa Kadawa da Kura da Bunkure, noman rani ya zama babbar sana'a. Shi kuwa noman rani kuɗi yake ci tun kafin ya bayar. Iri, taki, maganin feshi, man injin ban ruwa, kuɗin leburori, duk a gaba ake biya. Manomi nawa ne ke da wannan a aljihu a farkon kaka? Sai a je wurin mai shagon taki a karɓa, a kan za a biya idan an fara ɗiba. Dillali ya ɗauki kwandunan tumatir a Kwanar Gafan, a kan sai mota ta dawo daga Legas. Mai injin casa a Kura ya karɓi shanshera, a kan sai an sayar da shinkafa. Matar da ke gumi ta karɓi buhu biyu, a kan sai ranar kasuwa. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. A nan kam maganar ta zauna daram.

Yawancin wannan bashi ana biyan sa lami lafiya, babu mai jin labari. Amma akwai shekarar da ke zuwa a karkace. Ku tuna 2016, lokacin da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir, har kamfanin Dangote na Kadawa ya rasa abin sarrafawa ya tsaya. A irin wannan shekara, wanda ya ci bashi ba shi da abin biya. Wanda ya bayar kuma shi ma ana bin sa a Kano. Daga nan sai kotu.

To, yanzu mu zo kan inda matsalar take.

A ɗauka wani manomi ne a wani ƙauye na Bunkure. Ya karɓi taki a hannun wani ɗan kasuwa na birni. Ya biya wani ɓangare, saura ya maƙale. Ɗan kasuwa ya shigar da ƙara. Aka rubuta sammaci, aka miƙa wa masinjan kotu. Me aka rubuta a gurbin adireshi? Sunan mutum, sunan gari, sai a ƙara da "kusa da masallaci". Shi ke nan. Gidajenmu na karkara ba su da lamba, layukan ba su da suna. Masu suna iri ɗaya kuma a gari guda ba sa ƙirguwa, kowa da laƙabinsa ake gane shi, laƙabin nan kuwa ba ya cikin takarda. Masinja ya iso da hantsi. Manomin rani ba ya gida da hantsi, yana gona tun asuba. Masinja ya yi sallama, yaro ya leƙo ya ce baba ba ya nan. Rana ta take, kuɗin motar da aka ba shi bai taka kara ya karya ba, ga wasu takardun a jaka suna jiran sa. Sai ya miƙa wa yaron. Ko ya bar wa mai shayin bakin titi ya ce don Allah a ba shi. Ya koma ofis ya cike takardar rantsuwa cewa ya kai.

Wannan mai sauƙi ke nan, wanda gajiya da sakaci suka haifar. Akwai wanda ya fi shi muni. Akwai mai ƙarar da ke ba da tsohon adireshi da gangan, alhali ya san mutumin ya tashi. Akwai takardar rantsuwar da ake cikewa ba a ko taka ƙafa garin ba. Ba na ce duk masinjoji haka suke ba. Da yawansu suna shan rana da ƙura a kan babur, suna aikinsu tsakani da Allah. Amma wanda ya daɗe yana zuwa harabar kotu ya san ana yi.

Ranar zama ta zo. Aka kira suna sau uku, shiru. Alƙali ya duba fayil, ya ga takardar rantsuwa. A wurinsa an kai sammaci, mutumin ne ya ƙi zuwa. Ya saurari ɓangare ɗaya, ya yanke hukunci. Shi manomi bai san ana yi ba. Ranar da zai sani ita ce ranar da mota ta tsaya a ƙofar gidansa, da ma'aikatan kotu da ɗan sanda, an zo ɗaukar injin ban ruwa da babur. Ko ranar da ya je wurin mai POS cirar kuɗin leburori, aka ce masa an rufe asusun.

Masu sauraro, ku auna abin da wannan ke nufi a tsakiyar rani. Tumatir ya fara fure, a ɗauke injin. Kwanaki kaɗan ba ruwa, an gama da gonar. Ga shi kuma gonar nan ita ce kaɗai hanyar da za a bi a biya bashin.

Me doka ta ce? Nan ne nake so mu ɗan daɗe.

Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin a saurare shi kafin a yanke hukunci a kan haƙƙinsa ko abin da ke wuyansa. Ta yaya za a saurari wanda bai san ana ƙararsa ba? Shi ya sa ƙa'idar kotuna ta ce sammacin farko hannu da hannu ake ba mutum. Ba a ba ɗansa, ba a ba maƙwabcinsa, ba a jefa shi ta katanga. Idan an nema an rasa, ko mutum yana ɓuya, akwai hanya. Mai ƙara zai koma gaban alƙali ya nemi izini. Alƙali ne zai ce a liƙa a ƙofar gida, ko a ba wani baligi na gidan, ko a buga a jarida. Izinin nan shi ne ginshiƙi. Masinja ba shi da ikon yanke wa kansa cewa yau liƙawa zai yi.

Idan kamfani ake ƙara, kamar kamfanin casar shinkafa mai rajista, shi ma da tasa ƙa'idar. Ana miƙa wa darakta ko sakatare ko wani babban jami'i, ko a kai ofishinsa mai rajista. Idan kuma wanda ake ƙara yana wata jiha, misali dillalin da ya tare a kasuwar Mile 12 ta Legas, dokar tarayya ta kai sammaci da zartar da hukunci ta ce dole a rubuta a jikin takardar cewa a wajen jiha za a kai ta, kuma a ba shi aƙalla kwana 30 kafin ya bayyana. Kotun Ƙoli ta jaddada nauyin waɗannan sharuɗɗa tun 1981, a shari'ar Skenconsult da Ukey, inda ta ce zaman da aka yi ba tare da an sanar da wanda ya kamata a sanar ba rusasshe ne.

Akwai wata shari'a da ta fi kama da tamu, domin ita ma ta bashin kasuwanci ce. A garin Aba aka fara ta. Lauyoyi na kiran ta Mark da Eke. Wani ɗan kasuwa ya yi ƙarar wani mutum da kamfaninsa a kan kuɗi. Aka ce an liƙa sammaci a ƙofa. Aka yanke hukunci ba su nan. Su kuma suka rantse ba su taɓa ganin takarda ba, sai da aka zo zartar da hukunci suka ji labari. Babbar kotu ta ƙi sauraron kukansu, kotun ɗaukaka ƙara ma ta ƙi. Sai a 2004 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin. Wanda ya rubuta babban hukuncin namu ne, marigayi Mai Shari'a Ɗahiru Musdapher, wanda ya taɓa zama babban jojin Jihar Kano, daga baya ya zama babban jojin ƙasa. Darasin da ke ciki shi ne, takardar rantsuwar masinja hujja ce, amma ba wahayi ba ce. Idan wanda ake ƙara ya musanta da rantsuwa, bai kamata alƙali ya zaɓi takarda ɗaya ya yar da ɗaya haka kawai ba. Sai a kira shaidu su yi bayani da baki, a yi musu tambayoyi.

Wani zai ce, to ai wannan dokar Nasara ce, mu kotun Musulunci muke zuwa. Madalla. A can ma maganar ba ta canja ba, sai ma ƙara ƙarfi da ta yi. Lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Sayyidina Ali zuwa Yaman, ya hore shi da kada ya yanke hukunci tsakanin mutum biyu sai ya ji ta bakin na biyu kamar yadda ya ji ta na farko. A fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu ke bi akwai i'izari, wato alƙali ya tambayi mutum ko yana da sauran hujja kafin a rufe magana. Kotunan sama sun sha rushe hukunci saboda an tsallake wannan mataki. Malamai sun yi bayanin hukunci a kan wanda ba ya nan, sun bambanta na kusa da na nesa. Na kusa aika masa ake yi. Na nesa, ko an yi hukunci don kada haƙƙin mai ƙara ya salwanta, hujjarsa tana nan tana jiran sa ranar da ya dawo. Ka ga ashe ko ta wace ƙofa ka shiga, abu ɗaya za ka tarar. Sai an kira mutum, an ji ta bakinsa.

Kada kuma mu ɗauka cutar tamu ce mu kaɗai. A 2009, babban lauyan gwamnatin jihar New York ta Amurka, Andrew Cuomo, ya je kotu yana neman a soke hukuncin bashi kusan 100,000, saboda wani kamfanin kai sammaci yana rantsuwar ƙarya. An samu ma'aikacin da takardunsa suka nuna yana wurare daban-daban a lokaci guda. Bayan haka birnin New York ya wajabta wa masu kai sammaci riƙe na'urar da ke nuna inda suka taka da lokacin da suka taka.

Yanzu bari in juya ga mai bin bashi. Alhaji, da kai nake.

Na san kuɗinka ne. Na san ka yi haƙuri, ka yi aike, ka yi waya har an daina ɗauka. Wataƙila wani ya raɗa maka cewa idan mutumin bai zo kotu ba abin zai fi sauri. Ƙwarai zai yi sauri, amma ginin ba tushe. Ranar da ya sami lauya, za a nemi a soke hukuncin, kuma idan ya tabbata bai sami sammaci ba, za a soke. Kayan da aka ɗauka a mayar. Kuɗin da ka kashe ya bi ruwa. A dawo a fara daga farko, bayan wata da watanni, wani lokaci shekaru. Dubi waccan shari'a ta Aba. Mai ƙara ya riƙe hukunci a hannu, ya bi kotu uku, ƙarshenta ya koma inda ya fara.

Akwai kuma abin da kai kanka ba ka sani ba sai mutumin ya zo. Wataƙila ya ba yaron shagonka wani abu ba a rubuta ba. Wataƙila buhun da ka ƙirga arba'in, talatin da biyar aka sauke. Wataƙila zai ce a ba shi zuwa girbin alkama, ya kawo mai tsaya masa. Alƙali zai iya tsara muku biya kashi-kashi, a rubuta, ya zama hukuncin da ba mai soke shi. Saboda haka amfaninka ne sammaci ya isa. Ka ba da suna da laƙabi da sunan uba. Ka ba da lambar waya. Ka faɗi unguwa da sunan mai unguwa, ka faɗi ɓangaren da gonarsa take. Idan da hali, ka sa wanda ya san shi ya raka masinja ya nuna shi. Kuma ka tuna Jihar Kano ta buɗe kotunan ƙananan basussuka a 2019, domin bashin da bai wuce naira miliyan 5 ba a lokacin, da nufin a gama shari'a cikin kwana 60, ba dole sai da lauya ba. A can ma sai ka fara aika wa mutum takardar neman biya kafin ka shigar da ƙara. Hanya mai sauri tana nan, ba sai an bi ta bayan gida ba.

Af, kafin in manta. Ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar bashi ba ne. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Wannan maganar wata rana ce.

Sai kai kuma da ake bi. Kada ka ji wannan sharhi ka ce ka sami mafaka.

Na san halinmu. An hango baƙo da jaka a kan babur, sai a ce wa yara ku ce ba na nan. Wani a miƙa masa takarda ya maƙe hannu a baya, wai idan bai taɓa ba ba ta hau kansa ba. Wannan kuskure ne. Idan masinja ya same ka, ya faɗa maka abin da ke tafe da shi, ka ƙi karɓa, ya ajiye a gabanka ya rubuta abin da ya faru, to a wurin kotu ka samu. Idan kuma ɓuya kake yi, alƙali zai ba da izinin a liƙa a ƙofarka, shari'a ta ci gaba ba kai. A nan ba ka da kuka. Dokar nan tana kare wanda ba a kira ba ne. Ba ta kare wanda aka kira ya toshe kunne.

Kuma a sani, soke hukunci ba ya goge bashi. Abin da yake ba ka shi ne kujerar zama a gaban alƙali ka faɗi naka. Bashin yana nan, a duniya da lahira.

To idan abin ya riga ya faru fa? An wayi gari ga ma'aikatan kotu a ƙofar gida, kai kuwa ba ka taɓa ganin sammaci ba. Abu na farko, kada ka yi faɗa. Kada matasan unguwa su taru su tare mota. Wannan zai mayar da maganar bashi ta zama laifi, a bar zancen taki a koma zancen beli. Ka nemi a nuna maka takardar izinin ɗaukar kayan. Ka sa a rubuta maka sunan kotu da lambar ƙara, a lissafa duk abin da aka ɗauka. A ranar nan, ba gobe ba, ka je wurin rajistaran kotun ka nemi kwafin takardar da aka ce an kai maka sammaci da ita. Ka duba rana, ka duba wuri, ka duba sa hannu. Sau da yawa a nan ƙaryar ke fitowa. An ce an ba ka a gida ranar kaza, kai kuwa ranar kana kan hanyar Legas da lodin tumatir, ga direba shaida. Sai ka nemi lauya, ko ka je Hukumar Ba da Tallafin Shari'a idan ba ka da hali, a roƙi kotun da ta yi hukuncin ta dakatar da gwanjo, ta kuma soke hukuncin. Ita wannan kotun tana da ikon yin haka da kanta.

Me ya sa nake cewa a ranar? Domin dokar zartar da hukunci kwana 5 kawai ta gindaya kafin a iya sayar da kayan da aka kama. Kayan da ke lalacewa kuwa, irin tumatir da albasa ɗanya, ko wannan jiran babu. Idan asusun banki ne, doka ta ce a sanar da kai aƙalla kwana 14 kafin zaman da za a miƙa kuɗin ga mai ƙara. Wannan sanarwa ma haƙƙinka ce. Abu na ƙarshe a nan: ka faɗi kukanka tun a zaman farko. Wanda aka kai wa sammaci ta hanyar da ba ta cika ƙa'ida ba, ya zo ya shiga shari'a ya yi ta yi bai ce uffan ba, kotu na iya ɗauka ya yafe.

Ga hukumar shari'a kuma ina da roƙo, a taƙaice. Kusan kowane masinja yau yana da waya mai ɗaukar hoto. Me zai hana a wajabta hoton wurin da aka kai takarda, da rana da lokaci? Me zai hana a ƙara da kiran waya ko saƙo, tunda Kotun Ƙoli ta amince a 2019 cewa ana iya sanar da ranar zama ta saƙon waya? A karkara kuma a riƙa bi ta wurin mai unguwa ko dagaci ya nuna gida, ya shaida an zo. Shi ya san wane ne wane. Sannan a biya masinja kuɗin tafiya daga asusun kotu yadda ya kamata. Muddin mai ƙara ne ke cusa masa na mai a aljihu a bayan ofis, to zuciyarsa za ta karkata. Alƙali kuma, idan ya ga kujerar wanda ake ƙara babu kowa, ya daure ya tambayi masinja da bakinsa: wa ka ba, a ina, wa ya gani?

Jama'ar Kura, jama'ar Bunkure, da ku na Kadawa da Karfi da Ɗan Hassan da Chiromawa, ga saƙona gare ku a wannan kaka. Duk wanda zai karɓi kaya bashi ko zai bayar, a rubuta, kamar yadda aya mafi tsawo a Alƙur'ani ta umarta. A cikin rubutun a sa cikakken suna da laƙabi, da unguwa, da lambar waya, da inda za a same ka idan magana ta taso. Ku gaya wa iyalanku, duk takardar da baƙo ya kawo daga kotu, a kai muku ita gona a ranar, kada a soke ta a jikin azara a manta. Idan ta zo, ku karɓa, ku sa a karanta muku, ku je.

Allah ya ba da damina mai albarka da rani mai albarka, ya hore wa kowa abin sauke nauyi.